Layin da Idon Baba Ke Kamawa

A shekarar da na fara digiri na biyu a fannin kwamfuta ne idon Baba ya fara tafiya. Ba mu gane da wuri ba. Abin da muka fara lura da shi shi ne yana yawan tuntuɓe da buta, kuma yakan wuce mutum a gefen hanya bai yi masa sallama ba, har wasu a garinmu Kademi suka fara cewa Malam ya canza hali. Baba kuwa ba mai wuce mutum ba ne. Malamin zaure ne, yana karantar da manya bayan la'asar, da damina yana noman gero da gyaɗa kamar kowa, in rani ya yi kuma sai ya zauna rubuta Alƙur'ani da hannunsa, da alƙalamin kara da tawadar da yake dafawa da kansa.

Da ƙyar ƙanena ya lallaɓa shi muka kai shi asibitin ido a Kano. Likitar ta daɗe tana haska masa fitila, sannan ta ce hawan jinin ido ne, kuma ya ci wuri. Ta ce ciwon daga gefe yake fara cin gani, ya yi ta matsowa tsakiya, har mutum ya koma kamar mai leƙe ta cikin bututu. Abin da ya tafi ba ya dawowa, sai dai a ɗiga magani a rage masa gudu. Baba ya saurare ta har ta gama, ya ce Allah ya saka da alheri, ya lalubi hularsa. Muka hau motar Gaya muka koma gida.

Aikin da nake yi a jami'a a lokacin yana da wuyar bayani a gida. Inna, mahaifiyata, ta tsaya a kan cewa ina koya wa kwamfuta zane, kuma ba ta yi kuskure ba. Kyamara in ta ɗauki hoto, komai take kwasowa, da mai amfani da marar amfani. Mai zane da hannu kuwa zaɓe yake yi. Ya dubi gida, ya ja 'yan layuka, ya bar sauran takardar fara, kowa kuma ya gane gida ne. Abin da nake nema shi ne kwamfuta ta karɓi abin da kyamara ta gani ta mayar da shi irin wannan zanen. Gano inda duhu ya haɗu da haske ba ya yi mata wuya. Matsalar ita ce duk inda ta gano sai ta ja layi, zanen ya fito a cukurkuɗe kamar zaren da kaza ta tattaka. Koya mata abin da za ta bari shi ne aikin.

Gine-gine na zaɓa, tsofaffin soraye da zauruka na ƙasa, irin waɗanda siminti ke cinyewa a Gaya. Na guji fuskar mutum da gangan, don na san gidan da na fito. A ɗakin Baba babu hoto ko ɗaya a bango. Na kuma so layin ya fito kamar na alƙalamin kara, ya yi kauri inda hannu ya danna, ya sirance inda tawada ta fara ƙarewa. Saboda wannan ne na je gida a farkon damina da wata ƙaramar kwamfuta shafaffa mai kyamara a bayanta, na roƙi Baba ya ja mini layuka a takarda in ɗauka in nazarci yadda hannunsa ke tafiya.

Da hantsi ne, muna zaure. Ya sunkuya har gemunsa na taɓa takardar, ya ja layi, ya ɗaga kai yana neman inda ya tsaya. Na kawar da idona. Kwamfutar tana jingine da buhun taki a gefensa, na manta ban kashe ta ba, kyamararta na kallon ƙofar zaure, fuskarta kuma tana nuna abin da take gani da baƙin layi a kan fari fat. Da ya juya neman kurtun tawada sai ya tsaya.

"Ke, wannan allon naki, ƙofa ce a ciki?"

Na ce ƙofar zaure ce, Baba.

"Ga sakatar nan. Ga inda gara ta ci ta ƙasa." Ya ɗaga kai ya dubi ƙofar ta gaske, ya daɗe, ya dawo kan allon. "A can hayaƙi nake gani. A nan kuwa ga ta tsaf."

Ban taɓa tunanin haka ba ko sau ɗaya. Daga baya ne na karanta na gane dalili: idon da ciwon ya kama ba ya iya raba launukan da suka yi kusa da juna, jar ƙasa da jan katako duk ɗaya suke zame masa, amma baƙi ƙirin a kan fari yana kamawa. A ranar dai ban san komai ba. Ya ce in juya masa allon wajen darbejiyar ƙofar gida, na juya. Ya ce rumbu, muka shiga cikin gida na nuna masa rumbu. Ya ga tunkiyarsa a turke, ya yi dariya ya ce ashe ta yi ciki ba wanda ya faɗa masa. Tun da muka dawo daga asibiti ban ji dariyarsa ba sai ranar.

Muna nan tsaye sai Inna ta fito daga madafi da ƙwarya a hannu, ta gitta ta gaban kyamarar, ta tsaya tana tambayar me muke yi a rana. Fuskarta ta fito a allon. Baba ya matso da ido.

"Wace ce wannan?"

"Inna ce mana, Baba."

"A'a. Wannan ba ta da 'yan baka."

Inna tana da tsaga uku-uku a gefen bakinta, irin wadda wanzami ke yi wa jariri, da ita ta tashi. Na duba allon, babu su. Ni da kaina na umarci kwamfutar ta riƙa share duk wani gajeren layi siriri, don a jikin bango irin waɗannan layukan tsagewar yaɓe ne da datti. Ta ɗauki tsagar Inna datti, ta share. Inna ta leƙo ta gani, ta ce ikon Allah, ta koma madafi. Baba ya mayar mini da allon, ya ce rana ta yi zafi.

Na koma Kano da wannan a raina. Na ajiye gine-ginen gefe. In na ce wa kwamfutar ta bar gajerun layuka, sai tsagar ta dawo tare da kowace tamoji da kowane ɗigon gumi, fuskar ta zama kamar gonar da aka yi wa huɗa. In na ce ta share, tsagar ta tafi. Na yi makonni a tsakanin waɗannan biyun, ina gwadawa a fuskar wata mai sayar da awara a bakin makarantarmu da ta yarda ta riƙa tsaya mini. A ƙarshe na koya mata ta riƙa duba ko layukan suna tafiya a jere, kuma ko akwai 'yan'uwansu a ɗaya kuncin. In akwai, hannun mutum ne ya yi su, ta bar su.

Da na dawo Kademi gero ya kai gwiwa. Wahalar da ta rage ita ce zaunar da Inna.

"Ni da tsufana a zaunar da ni ana kallona? Ba ki da kunya ne?"

Na ce ba sai ta dubi kowa ba, ta ci gaba da aikinta kawai. Ta ɗauko tsohuwar gyaɗa a faifai, ta zauna a inuwar ɗaki tana ɓarewa, kanta a ƙasa. Na riƙe wa Baba allon daidai inda ɗan ganin da ya rage masa yake. Ya ƙura wa allon ido. Ina jin numfashinsa.

"Ɗago kaɗan," ya ce.

Ta ɗago, ba ta dube shi ba.

"Kin rame."

"Shekaru ne, Malam."

"Ba shekaru ba ne. Bara ba haka kike ba."

Ta ci gaba da ɓarar gyaɗa, na ga har ɓawon da ta riga ta fasa take sake ɗauka tana murzawa. Ni ma sai a lokacin na dube ta sosai. Kullum ina ganinta, amma sai da layukan suka cire launin zanenta da hasken fatarta suka bar ƙashin kunci da ramin ido na ga abin da ya gani. Tun da ciwonsa ya fara ita ke ɗauke da gidan, ba wanda ya lura.

Labari ya bazu a dangi. Duk zuwan da zan yi sai an kawo jikoki a jera a tsakar gida, Baba yana duba su ɗaya bayan ɗaya, yana cewa wannan goshin kakarsa ya ɗauko, waccan kuma ta yi giɓi. Akwai jaririyar ƙanena da aka haifa bayan idon ya lalace, bai taɓa ganin fuskarta ba sai a allon. A irin wannan rana ce Baffa ya iso.

Baffa yayan Baba ne, uwa ɗaya uba ɗaya, yana zaune a Toranke, shi ma malami ne, kuma ya fi Baba zafi a kan komai. Ranar kasuwar Ajingi ce, ya gama cefanensa ya ce wa mai babur ya zarce da shi ya duba ƙanensa. Ya yi sallama ya shigo, ya tarar da mu. Ya tsaya a bayan Baba yana kallon allon har aka gama da yaron da ke gaba. Sannan ya ce a kwashe yara.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa a gajarce, ya ce, "Wannan abin, ke kika yi shi?"

"Ni ce, Baffa."

"Hoto ne?"

Na ce daga kyamara yake farawa, amma kwamfuta ce ke mayar da shi zane.

"To ai shi ke nan, kin faɗa da bakinki." Ya juya wajen Baba. "Hoton kyamara mun yi shiru a kansa, don an ce kamar madubi ne, abin da Allah ya halitta ne ya faɗa a gilashi, ba hannun kowa a ciki. Wannan kuwa zane ne. An zaɓi layi, an bar layi, an fitar da surar mai rai. Kai ka karantar da babin nan a zauren nan, ina zaune."

Baba ya ce, "Yaya, tabarau na ɗauke shi."

"Tabarau ba ya zane."

"Zanen ba ya tabbata. Yaro na kawar da kai ya goge."

"In ya goge, an yi shi ko ba a yi ba?"

Na ce, "Baffa, ai ba hannu ne ya zana ba, na'ura ce."

Ya dube ni, ba da faɗa ba. "Wa ya koya mata? Ba ke kika zauna kika ce mata ja nan, bar can ba? Na ji ma an ce hannun ubanki kika kwaikwaya mata. Hannun da bai taɓa rubuta komai ba sai Alƙur'ani."

Wannan maganar ta shige ni, don gaskiya ce. Kaurin layin da sirancinsa duk daga takardar da Baba ya ja mini suka fito. Ban taɓa haɗa abin haka ba. Na dubi Baba na ga shi ma yanzu ya haɗa.

Baffa ba mugu ba ne. Da zai tafi na raka shi ƙofar gida, ya tsaya kafin ya hau babur, ya ce, "'Yata, ni ma ina so ya gani. Ni na goya shi. Amma ido biyu ne kawai ya rasa, ba na so ya je can da abin da za a tambaye shi." Idonsa ya yi ja. Ya hau babur suka tafi.

Washegari Baba ya kira ni zaure. Ya ce ya kwana yana juya maganar, bai kai ƙarshenta ba. Ya ce akwai malaman da za su ba yayansa gaskiya, akwai waɗanda za su ce lalura ce, shi kuma ba ya amince wa kansa ya yanke, don shi ne mai so. Ya ce zai ci gaba da dubawa, amma da sharaɗi: kada a ajiye ko fuska ɗaya a cikin na'urar, kada a buga a takarda, kada a nuna wa wani. Na ce na ji. Daga ranar, duk lokacin da ya gama duba fuska sai in ji yana istigfari ƙasa-ƙasa. Dariyar nan ta ranar tunkiya ba ta sake dawowa ba. Yana kallo yana jin tsoro, kuma ya kasa dainawa, ni kuma nake riƙe masa allon.

A Kano na ba malamin da ke duba aikina labari, don ya ga na yi watsi da gine-gine yana neman dalili. Ya miƙe tsaye daga kujera. Ya ce wannan shi ne binciken, ba soraye ba. Ya ce in ɗauki bidiyon Baba yana gane fuskoki, in ajiye zanukan, in nemo wasu masu irin ciwon a gwada, za a karanta aikin har a ƙasashen waje. Na faɗa masa sharaɗin. Ya ce in koma in lallashi tsohon, ai taimakon al'umma ne.

"Malam, ba zan iya ba."

"Kin san mutum nawa ke da ciwon nan a ƙauyukanku?"

Na ce na sani. Har yau ina jin nauyin tambayarsa, don shi ma bai yi ƙarya ba. Na yi niyyar in na gama digirin in nemi wasu da ba su da irin damuwar Baba in gwada da su. Amma a lokacin, ban iya komawa zauren nan in ce wa mutumin da ke istigfari a kan kallon jikarsa ya bari a nuna shi ga duniya ba. Malamin ya yi fushi na ɗan lokaci, sannan ya ce in gama sorayena.

Ciwon bai tsaya ba. Kafin a yanke gero Baba ya fara cewa layukan sun yi siriri. Na ƙara musu kauri. Da suka yi kauri sai suka fara haɗewa da juna, ido da gira suka zama dunƙule ɗaya, dole na rage yawansu. Na cire gira. Zuwa na gaba na cire kunne da layin wuya. Kowane zuwa sai na zauna a motar Gaya ina tunanin me kuma zan cire a fuskar mutum ta ci gaba da zama tasa. Tsagar Inna na bari har ƙarshe, na yi mata kauri fiye da yadda take, har ta zama kamar an ja ta da gawayi. Da aka fara roron gyaɗa abin da ya rage a allon bai wuce zagayen fuska da ɗigo biyu da layin baki ba.

Na lura kuma ya fara jira yaro ya yi magana kafin ya faɗi ko wane ne. Wata rana aka tsayar da ɗan ƙanwata, yaron ya yi shiru don an ce ya yi shiru, Baba ya kira sunan wani. Yaron ya ce ba shi ba ne. Baba ya ce wasa yake yi masa. Matan gidan suka yi dariya don su rufe, ni ban iya ba.

Ni ce 'yar fari a gidanmu. A wajenmu iyaye suna jin kunyar ɗan fari, ba sa kiran sunansa, ba sa wasa da shi a gaban mutane, ba sa tsura masa ido. Tun tasowata Baba "ke" yake ce mini, in yana ba wani labarina ya ce "yarinyar nan". Ban taɓa ɗaukar wannan rashin so ba, haka na ga ana yi. A duk watannin nan ya duba kowa a gidan, har maƙwabta, bai taɓa cewa in juya allon wajena ba, ni ma ban taɓa tayi ba.

Ranar da ya faɗa, bayan la'asar ne, ɗalibansa sun watse, don yanzu da ka yake karantar da su. Mu biyu ne a zaure. Ina naɗe wayar caji sai ya ce, "Ke."

"Na'am, Baba."

"Abin nan yana iya kallon wanda ke riƙe da shi?"

Na ce yana iyawa, akwai kyamara ta gaba.

"To juya."

Na juya. Amma in kyamarar na kallona, fuskar allon ma ni take kallo, shi ba zai gani ba. Sai da na zo na zauna a gefensa, kafaɗata kusa da tasa, yadda ban taɓa zama ba tun ina ƙarama, na ɗaga allon a gabanmu, na karkata shi don ni kaɗai in fito. Na ga kaina, zagaye da ɗigo biyu da layi. Ni kaina da ba a faɗa mini ba, ba zan ce ni ce ba.

"Matso da shi."

Na matso.

"Yi hagu. A'a, dawo."

Yana ta motsa kai a hankali yana neman inda ɗan hasken yake. Na ƙara kaurin layin har iyakar da na'urar ke kaiwa. Hannuna ya gaji, ban sauke ba. Wani mai tallan rake ya wuce ta ƙofar gida, aka kira shi a maƙwabta, ya tsaya, ya sayar, ya tafi, muna nan.

Can ya ce, "Madalla."

Ban san me ya gani ba. Ban tambaya ba, kuma har yau ban sani ba. Wani lokacin ina cewa ya ga wani abu, ko da zagayen ne. Wani lokacin kuma ina cewa ya ji hannuna na rawa ne ya tausaya mini. Na jira in ji istigfarin da ya saba yi, ban ji ba, wannan ma na rasa yadda zan fassara shi.

Ya ce, "Ki mayar da shi jaka. Kada ki sake wahalar kawo shi."

Na ce to.

Kafin azumin shekarar ganin ya ƙare gaba ɗaya. Baffa ya koma zuwa duk ranar kasuwar Ajingi, ya zauna da shi a zaure su yi tilawa tare, ya gyara masa carbi a hannu, ya tafi kafin magariba. Ban taɓa jin sun sake tayar da maganar allon ba. Ni ma Baffa bai sake yi mini ita ba, sai dai duk haɗuwarmu yakan tambayi karatuna, ya sa albarka.

Na kammala kundina a kan soraye. Ranar kare shi, wani farfesa da aka gayyato daga wata jami'a ya duba zanukan, ya yaba kyan layin, ya tambaye ni wane amfani wannan aikin zai yi wa mutumin ƙauye. Malamina ya dube ni ta saman tabarau. Na ce zai taimaka wajen adana kamannin tsofaffin gine-gine kafin su rushe. Farfesan ya gyaɗa kai ya rubuta wani abu. Aka ba ni digirin.

Tun zuwanmu na farko likitar ta ce ciwon yana bin jini, 'ya'yansa duka su je a auna su. Na tura ƙannena, na matsa wa wanda ke noma a gida har ya bar sussukar dawa ya biyo ni yana mita, aka duba shi aka ce lafiya lau. Ni ce na yi ta ɗagawa, yau aiki, gobe hidimar mijina da yarana. Da na je a ƙarshe, likitar ta auna, ta sake aunawa, ta ce jinin idon hagu ya hau, kuma ya ɗan fara ci daga gefe. Ta ce an kama shi da wuri, in na riƙe magani zan iya tsufa da idona. Na fito na zauna a bencin waje, na rufe idon dama da tafin hannu, ina duba iya inda na hagun ke kaiwa. Ban ga bambancin komai ba, wannan ne ya fi ba ni tsoro.

Inna kaɗai na faɗa wa, muka yi shawara kada Baba ya ji. In na je gida, lokacin ɗiga magani ya yi, sai in shiga bayan rumbu in ɗiga in fito. Na yi haka zuwa biyu ko uku. A na baya-bayan nan, ina fitowa na tarar da shi zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinsa, Inna ta fito da shi shan iska. Na zo wucewa ya ce, "Ke."

Na durƙusa.

"Murfin kwalbar nan taki ƙararsa ɗaya da tawa."

Inna ta tsaya da tsintsiya a hannu.

"Wane idon ne?"

"Na hagu, Baba. Amma an ce da sauƙi."

Ya shafa gefen tabarma da yatsa. Sannan ya ce in daina ɓuya a bayan rumbu, akwai kunama a wurin. Ya ce shi da aka ba shi nasa ya riƙa tsallake kwanaki, in ya ji ido bai yi ciwo ba sai ya bari, kada in yi haka. Na ce ba zan yi ba. Ya ce in faɗa wa mijina ya riƙa tuna mini, in kuma kai yarana a auna su in sun isa. Na ce to. Inna ta ci gaba da shara, ni kuma na tashi na je na sauke tukunyar da ta bari a wuta.